Malam Edita, baƙonku ya zo ya duba littafin masallacinmu

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Don Allah ka ɗan ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan hirar da kuka yi makon jiya, wadda baƙonku yake cewa wai gwamnati ta cire hannunta daga harkar taimakon talaka, ta tsaya kan tsaro da gyaran hanya kawai, sauran kuma a bar wa masu hali da masallatai da coci-coci da ƙungiyoyi. Ina shago na saurare shi har ƙarshe, kuma tsakani da Allah mutumin ya iya zance. To amma ni ne ma'ajin kwamitin taimako na masallacinmu a nan Tudun Wada, shekara 6 ke nan littafin yana hannuna, kuma abin da ke rubuce a ciki bai goyi bayansa ba.

Tsarinmu ba wani abu ba ne mai wahala. Duk Juma'a ana zagayawa da akwati, akwai kuma 'yan shaguna da ma'aikata da ke ba da wani abu duk ƙarshen wata, in azumi ya matso mu sayi gero da sukari da 'yar shinkafa mu raba wa marayu da matan da mazansu suka rasu. Shafin dama na masu bayarwa, shafin hagu na masu karɓa. To tun daga 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, sai na fara ganin abin da ban taɓa gani ba, sunaye suna tsallakowa daga dama zuwa hagu.

Akwai wani mai keke da bai taɓa fashin kawo nasa ba, ko ina sallah zai ajiye min a gefen darduma. Wani dare bayan isha'i na ga ya tsaya a bakin ƙofa yana ta juya takalman mutane kamar nasa ne ya ɓata, ashe jira yake kowa ya watse. Da muka rage mu biyu sai ya matso, ko ido bai iya haɗawa da ni ba, ya ce Malam ma'aji ko mudu biyu ne a taimaka, yara tun jiya koko kawai suka sha, amma don girman Allah kar ka rubuta sunana. "Bawan Allah" na rubuta a gurbin sunansa. Yanzu bayin Allah irin wannan sun kusa cika min shafi.

Abin da nake so baƙonku ya gane ke nan, sadakar unguwa daga aljihun maƙwabci take fitowa, shi kuma maƙwabcin wutar da ke cin mabuƙaci ita ke cin sa. Lokacin da aka fi buƙatar akwatin nan shi ne lokacin da yake dawowa da 'yan hamsin-hamsin.

Sannan kuma in faɗi laifinmu, sadaka fuska take bi. Wanda muka sani muke ba. Matar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Birnin Gwari ta zo ta kama ɗaki ɗaya a Rigasa ko a bayan layinmu, ba ta da miji a sahun masallaci, ba wanda zai ce na san ta, wa zai sa sunanta? Sau da yawa sai bayan an gama rabo muke jin labarin irinsu, buhu ya riga ya ƙare.

Da baƙonku ya kawo maganar zakka kuwa nan na ɗan yi dariya, don hujjar a kansa ta faɗo. Zakka ai ba kyautar ganin dama ba ce, ɗaya cikin 40 ne na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma aya ta 60 a Suratut Tauba da ta lissafa kashi 8 na masu cin ta, har da ma'aikatan da ke tattara ta a ciki. Ma'aikata fa! Wa ke naɗa ma'aikata in ba hukuma ba? Sayyidina Abubakar yaƙi ya ɗaura da waɗanda suka ce ba za su bayar ba. Wato ko addinin ma bai bar cikin talaka a hannun tausayin mai kuɗi ba. Mu ne muka mai da ita layi a ƙofar gidan Alhaji, mata da goyo cikin rana tun safe, a ƙarshe a fito da ambulan ɗin da ko kuɗin keken komawa gida bai kai ba. Kuma mun ga abin da ya faru a Disambar 2024, yara 35 suka mutu a turmutsutsi a Ibadan wajen rabon kyauta, cikin makon kuma aka sake yin irin haka a Okija da Abuja. Duk masu niyyar alheri ne suka shirya, ba gwamnati ba, yunwar ce ta fi ƙarfin abin da suka tanada.

Inda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne da ya ce mutane sun daina yarda da gwamnati. Wa zai yarda? Mu 'yan Kaduna ba mu manta Oktoban 2020 ba, da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohi da dama har da nan, aka ga abinci jibge alhali an kulle mutane a gida watanni suna kuka. Yanzu kuma salon shi ne ɗan ƙaramin buhun shinkafa da hoton mai girma a jiki, hoton ya fi shinkafar kyau, a tara mutane a ɗauki bidiyo a sa a Facebook, maroƙi yana kirari. Lis ɗin ma a gidan shugaban jam'iyya na mazaɓa ake rubuta shi. Abin da ke ƙona min rai shi ne godiyar da ake sa mu yi. Kuɗin wa? Katin waya in na saya akwai harajin VAT na kashi 7.5 a ciki, shagona ina biyan kuɗin rasit kala-kala, sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 kuma ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne aikin gwamnati na farko. To in mai gadi yana barci ai tashinsa ake yi, ba a ce daga yau kowa ya kwana a ƙofar gidansa da sanda ba.

Akwai wani dattijo a majalisarmu, Baba muke ce masa, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri kuma ɗan jam'iyyar PRP na gani-kashe-ni. Da na ba shi labarin hirar sai ya ce ɗana, Sardauna shinkafa ya raba mana? Masaƙa aka buɗe a 1957, muka ci muka aurar da 'ya'ya muka yi sadaka da kanmu. Shi a wurinsa ranar da aka rufe masaƙun nan ita ce ranar da bara ta samu gindin zama a garin nan. In ya fara zancen Balarabe Musa, yadda ya hau kujerar gwamnan Kaduna a PRP a 1979 ya soke haraji da jangali, majalisar da 'yan NPN suka fi yawa ta tsige shi a 1981, sai an kira sallah yake shiru. Ban yarda da komai nasa ba, amma abu ɗaya gaskiya ne, a zamanin NEPU da NPC ko PRP da NPN in mutum ya faɗi jam'iyyarsa ka san ra'ayinsa kan talaka da sarauta da haraji. Yau fa? Wanda ya zagi jam'iyya da safe da yamma ya sa hularta. Ka tambayi ɗan takara mece ce aƙidarsa kan asibiti, zai ce maka ya gina rijiyar burtsatse.

Shi ya sa nake ganin muhawarar baƙonku aro ce daga Amurka, inda 'yan Republican ke cewa a rage haraji a bar mutane su taimaki juna, 'yan Democrat na cewa a'a gwamnati ta ƙara. Su can tun 1935 suke da tsarin fansho na ƙasa, akwai tallafin abinci ga marasa ƙarfi, gardamarsu a kan a rage ko a ƙara ne. Mu nan me za a rage?

Ni ban ce gwamnati ta ciyar da ni ba, kuma ba za mu daina zagayawa da akwati ba in sha Allah, lada muke nema. Amma watan da ya wuce ƙarfe 1 na dare aka buga min waya, matar wani maƙwabcinmu naƙuda ta zo da gardama, wani asibiti sun ce tiyata za a yi kuma sai an ajiye kuɗi tukun. Haka muka kwana a guruf ɗin WhatsApp, wannan ya turo dubu 2 wancan dubu 5, ina tsaye wajen mai POS da na tasa daga barci ina jiran alat, mijin yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Allah ya sa an yi a kan lokaci, ita da jaririyar suna lafiya. Kuɗin da muka fara tarawa na geron azumi duk a nan ya tafi.

Don haka Malam Edita in zai yiwu ka isar min da saƙo, ina gayyatar baƙon naku ya zo Tudun Wada ranar Juma'a bayan an sallame, zan buɗe masa littafin, in rufe sunaye da hannu don sirrin mutane. Kwamiti sun ce bana sai an rage shafin hagu ya dawo daidai da abin da ke akwati, kuma ni aka ɗora wa aikin. Ya zo ya taya ni zaɓen wanda za a cire.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Tudun Wada, Kaduna