Jijjigar mota bayan canja kuros: a duba yadda aka haɗa furofela

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mu yi wa direbobi da 'yan uwanmu makanikai bayani kan kuros ɗin furofela, wato mahaɗin da ke lanƙwasawa a ƙarshen sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, domin sau da yawa akan canja shi sabo fil, mota ta fita gareji tana karkarwa fiye da yadda ta shigo, sai a ɗora laifi kan kayan. Wani lokaci kayan ne. Amma galibi haɗin ne ba a yi daidai ba.

A motar da ke ja da tayoyin baya, giyabos yana ɗaure a jikin shasi, shi kuwa bak-aksil, wato ƙarfen da ke ɗauke da tayoyin baya, yana kan sifirin, kullum yana hawa da sauka. Sandar ƙarfe miƙaƙƙiya ba za ta iya haɗa su ba, sai ta karye. Shi ya sa ake sa kuros a kowane ƙarshen furofela: ƙarfe ne mai hannu huɗu, kowane hannu sanye da kofi mai cike da siraran allurai da ke mirginawa cikin giris, da roba a bakin kofin tana hana ƙura da ruwa shiga. Kuros yana haɗa gwafa biyu ne, wato ƙarafa masu kunne biyu-biyu: hannu biyu suna zaune a kunnuwan gwafa ɗaya, sauran biyun a ɗaya gwafar. Akwai kuma wurin da furofela ke zamewa a kan haƙora, ta ƙara tsawo ko ta rage yayin da aksil ke motsi.

Dabarar tsohuwa ce. Ana jingina ta ga Gerolamo Cardano ɗan Italiya na ƙarni na 16, sannan Robert Hooke ɗan Ingila ya ƙera ta a ƙarni na 17, ya kuma gano aibinta, wanda shi ne dalilin wannan wasiƙa. In kuros ya lanƙwasa, ɓangaren da ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya. A kowane zagaye sai ya yi sauri sau biyu, ya ja baya sau biyu, ko da giyabos na juyi sumul. In giya na bada juyi 1,000 a minti, kusurwar kuma digiri 10 ce, furofela tana kai-komo tsakanin 985 da 1,015. A digiri 30 abin ya kai daga 866 zuwa 1,155. Wannan halittar kuros ce, ba lalacewa ba, kuma sabo da tsoho duk haka suke yi.

Maganin shi ne kuros na biyu. Na gaba ya kawo hargitsin, na baya ya warware shi, ƙarfi ya isa aksil a daidaice. Sai dai da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kunnuwan gwafar da ke ƙarshen gaba na furofela su kasance a layi ɗaya da na ƙarshen baya. In aka zare furofela daga haƙoranta aka mayar da ita a goce, ko da haƙori ɗaya ne, warwarewar ta ragu. In gocewar ta kai kwatan zagaye, na baya sai ya ƙara kan na gaba maimakon ya rage. Masu ƙera mota sukan buga kibiya a ɓangarorin biyu, wasu kuma su yi haƙori ɗaya mai faɗi don kada a kuskure. Inda babu ko ɗaya, a sa alamar fenti ko alli kafin a kwance, har da inda furofela ta haɗu da aksil, domin an daidaita nauyinta ne a wannan zaman. Ƙananan faranti da ake gani a liƙe a jikin bututun na daidaita nauyi ne, kada a kankare su.

Sharaɗi na biyu, kusurwar kuros na gaba ta yi daidai da ta baya, bambancin kada ya wuce digiri 1. Ga motar da ke gudu a kan kwalta an fi son kowace kusurwa ta tsaya wajen digiri 3 ko ƙasa. Amma kada ta zama sifili, don in babu ɗan lanƙwasa allurai ba sa mirginawa, sai su yi ta dukan wuri ɗaya har su yi wa hannun kuros zane-zane. Abin da ke ɓata kusurwa sananne ne: robar da ke ɗauke da inji ko giyabos ta mutu, sifirin ya kwanta saboda lodi fiye da kima, ko an ƙara ganyen sifirin an ɗaga mota ba a gyara karkatar aksil ba. Mai irin wannan mota zai yi ta sayen kuros yana zargin masu sayarwa. Ana awon ne da ma'aunin kusurwa, mota na tsaye a kan tayoyinta a wuri mai lebur, ba a kan jak ba. A auna giyabos, a auna furofela, a auna bakin aksil, a ɗebe wannan daga wancan.

Kuros da ya fara mutuwa yana faɗa. Akwai ƙara kwas in an sa giya ko an koma ribas, ko an saki totur an sake takawa. Akwai kukan ƙiiƙii da ke bin juyin furofela in ana tafiya a hankali, alamar kofi ya bushe. Jan gari kamar tsatsa a bakin roba yana nufin allurai sun fara niƙewa. Jijjigarsa a ƙasan kujera ake ji, ba a sitiyari ba, kuma ta fi ta taya sauri, tunda furofela na juyi wajen sau uku zuwa huɗu kafin taya ta yi ɗaya. Don gwaji, a sa waigi a tayoyi, a fitar da giya, a kama furofela a murɗa dama da hagu, a tura sama da ƙasa. Duk wasan da aka ji a kuros, komai ƙanƙantarsa, ya isa a canja. Amma wanda ya daskare ba ya wasa ko kaɗan, sai an sauke furofela an lanƙwasa shi da hannu za a ji yana cijewa. In furofelar mai gida biyu ce, a duba boris ɗin tsakiya da robarsa a lokaci guda.

Wajen canjawa, a auna faɗin kofi da tsawon kuros daga kofi zuwa kofi. Akwai mai milimita 27 da 82, akwai mai 30 da 92, wasu kuma kilif ɗinsu, wato zoben da ke riƙe kofi, na ciki, wasu na waje, ba sa maye gurbin juna. A cire kilif, a tura kofi da bais, wato matsewar da ke kan teburin aiki, da soket biyu, ƙarami yana turawa, babba yana karɓa. Kada a matse bututun furofela a bais, kada kuma a kai masa guduma, domin ɗan lotsawa kaɗan ya ishe shi jijjiga har abada. A goge ramin kunnuwa, a shafa giris ya riƙe allurai, a shigar da kofi a miƙe. In kofi ya ƙi kaiwa inda kilif zai zauna, kusan kullum allura ɗaya ce ta faɗi ta kwanta a gindinsa. A fito da shi a tsayar da ita. Wanda ya danna da ƙarfi ya fasa kofin tun bai bar gareji ba. Bayan kilif huɗu sun zauna, a ɗan ƙwanƙwasa kunnuwan gwafa don kuros ya saki, ya riƙa lanƙwasa ko'ina ba cijewa. A ɗaure notuna gwargwadon ƙarfin da littafin motar ya faɗa.

Saura giris, inda ake yawan ha'inci. Kuros mai nono, wato ɗan bakin da ake ɗura giris ta cikinsa, ana ɗura masa giris mai kauri lamba 2 har sai sabo ya ɓullo daga kofi huɗun duka. In uku suka fitar ɗaya ya ƙi, wannan ɗayan a bushe yake, kuma shi zai kashe sauran. A motsa furofela a sake ɗurawa, in ya ƙi a kwance a duba. Motar da ta ratsa ruwa ko laka a ɗura mata ba sai lokaci ya yi ba. Kuros ɗin da aka rufe shi daga masana'anta ba nono, ba a buɗe shi, sai dai canji.

Direba kuma kada ya ce bari a kai ƙarshen wata. In kuros na gaba ya tsinke ana gudu, kan furofela yana faɗowa ya caki titi, yana iya ɗaga bayan mota, ko ya yi ta bulala ya fasa giyabos, tankin mai ko bututun birki.

Wassalam.

Daga wasu makanikai masu aikin furofela da aksil