A taimaki maƙwabci kafin gidansa ya salwanta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Tun 1945, da ambaliya ta tada Maraɗi daga fadama zuwa tudu, mun san ruwa ba ya raga wa ginin laka. Bara ɗakin maƙwabciyata, mai marayu huɗu, ya rushe. Ta jinginar da takardar gida don ta sake gini, bashi ya yi nauyi har aka fara kawo masu saye. Matan unguwa ne suka bar mata kwasar adashe ta fanshi takardarta, samari suka yi gayyar tubali.

Haya ta yi tsada, siminti kuwa sai mai hali. Muna roƙon magajin gari ya yanka filaye masu araha a tudu. Mu kuma mu yashe magudanan ruwa, mu dasa bedi kafin damina.

Naka,
Mai karatu daga unguwar Zariya, Maraɗi