Rahoton ayyukan ƙungiya na shekarar 1446

Assalamu alaikum 'yan uwa ɗaliban Madina.

A matsayina na ma'aji, na fara da kuɗin wata na ƙungiya tunda shi ne ya fi cin raina. Riyal 10 ne fa kacal, amma sai na bi mutum har sakan ɗinsa, wato masaukin ɗalibai, in ƙwanƙwasa ƙofa, ya ce mukafa'a, wato alawus ɗin ɗalibai, ba ta shigo ba, alhali tare muke karɓa. Wallahi na gaji. Masu tambayar ina ɗan littafin da muka ce za mu buga na taƙaita darussan akhlaƙ da shugabanci da Hausa, ga amsa: babi uku na hannuna an gama, wanda ya ɗauki babin Ibn Miskawaih ya tafi hutu gida bai turo ba, mai buga takarda kuma ba ya aiki bashi. Ba sakaci ba ne daga kwamiti. Umrar haɗin gwiwa ma haka ta rushe, mutum shida suka biya kuɗin mota.

Taron wata-wata an yi, ban da na Ramadan.

Abin da ya faranta min rai shi ne zaman da muka yi bayan jarabawa a istiraha, wato wurin shaƙatawa. Ƙaninmu na shekarar farko ya kawo maganar Aristotal cewa jarumta tsakiya ce tsakanin tsoro da ganganci, ya nuna yadda Ibn Miskawaih ya shigo da ita cikin littafinsa Tahzibul Akhlaƙ. Nan fa aka kaure, wani ya ce ai Imam Gazali ya rusa falsafa a littafinsa Tahafut, wani ya ce a'a, mas'aloli 20 ya tattauna, a uku kawai ya kafirta masana falsafa, kuma Ibn Rushd ya mayar da martani. Shayi ya huce a kofuna ba wanda ya kula. Daga ƙarshe Malam babban baƙonmu ya dawo da mu gida, ya karanto nasihar Magili ga Sarkin Kano Muhammadu Rumfa da Liya'ul Hukkam na Abdullahi ɗan Fodiyo, ya ce kowa ya rubuta amana guda da ke wuyansa yanzu, ba sai ya zama sarki ba. Ni dai littafin kuɗin nan na rubuta.

Waɗanda suna ne kawai a guruf ɗin WhatsApp, ba zuwa ba biya, sai ranar cin kabsa, shinkafar Larabawa, a gan su sahun gaba, don Allah ku gyara. Zaɓe bayan hutu ne, kuma bana ba zan sake tsayawa ma'aji ba. Wanda ake binsa bashi ya same ni bayan isha'i.