Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaba Mahamat Idriss Deby Kan Nakiyoyin Arewacin Cadi

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ba sai an kwatanta maka yankin da a da ake kira Borku-Ennedi-Tibesti ba, tun da asalin gidanku ke nan. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 600, kusan rabin Cadi, daga dutsen Emi Kussi da ya fi kowane dutse tsawo a Sahara har zuwa gonakin dabinon Faya da tafkunan Unianga. Sojojin Faransa sun ci gaba da riƙe shi har 1965, shekara 5 bayan samun 'yancin kai, kuma shi ya haifa wa ƙasar nan tsofaffin shugabanni Gukuni Weddeye da Hissene Habre da mahaifinka. A 2008 aka raba shi gida uku, a 2012 aka ƙara raba Ennedi biyu. Gwamnoni sun ƙaru, motocin rakiya sun ƙaru, amma abin da yaƙi ya binne a cikin yashi yana nan inda aka bar shi.

Nakiyoyi nake nufi, ranka ya daɗe. Libiya ta mamaye zirin Awuzu da ke kan iyakarmu da ita a 1973, dakarunmu suka fatattaki sojojinta daga garin Fada da sansanin jiragen sama na Wadi Dum a 1987, sannan kotun duniya ta tabbatar wa Cadi da zirin a 1994. An ci yaƙi, an ci shari'a, amma har yau makiyayin da ke kora raƙumansa zuwa rijiya, da direban da ya ɗauko kanwa ko dabino zai gangara kudu, ba su da tabbacin inda za su taka. Iskar yankin kuwa tana tafiya da tudun yashi daga wuri zuwa wuri, ta rufe abin da aka gani bara, ta tono wanda ba a sani ba, shi ya sa duk shekarar da aka yi jinkiri aikin yake ƙara wuya da tsada.

Ina tuna maka cewa Cadi ta shiga yarjejeniyar Ottawa ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane a 1999, ta yi alkawarin kammala cire nakiyoyin nan kafin ƙarshen 2009. Wa'adi ya cika, aka nemi ƙari, na ƙarin ya cika, aka sake nema. In da neman ƙarin lokaci yana cire nakiya, da yanzu yara na wasa a filin Wadi Dum. An san ƙungiyoyin waje sun yi aiki gwargwadon hali a kewayen Faya da Fada, to amma ran ɗan ƙasa bai kamata ya rataya a kan kuɗin tallafin da yau akwai gobe babu ba. Gwamnatin da ta iya kai sojoji Kuri Bugudi, can ƙuryar Tibesti kan iyakar Libiya, saboda zinariya ba za ta ce Tibesti ya yi mata nisa ba.

Akwai batun hanyar kwalta zuwa Faya, da na asibitoci da malamai, amma na bar su sai wani jiƙon.

Don Allah a ware wa aikin nan kuɗi a cikin kasafin ƙasa, a sanya alama a duk filin da aka san akwai haɗari, a faɗa wa jama'a ta rediyo da harshen Tubawa da Larabci, sannan a tsayar da shekarar gamawa wadda za a iya tuhumar wani idan ta wuce.

Naka,
Wani ɗan kasuwa daga Injamena