Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin da ya ce saye na aka yi

Assalamu alaikum Alhaji.

A shirin rediyo na makon jiya ka kira sunana, ka ce in fito in faɗa wa mutanen Maradi nawa kamfanonin salula ke biyana, tunda kullum ina kiran ƴan kasuwa su riƙa karɓar kuɗi ta waya. Ka ƙara da cewa harkar ƴan boko ce, talaka ba shi da rabo a ciki.

Ko dala ba wanda ya taɓa ba ni. Ka girme ni, shi ya sa nake tauna magana, amma ka ɓata mini rai ƙwarai. Ka san rumfata a babbar kasuwa, ka san mahaifina da ya zauna cikinta kafin ni. A Kano da Katsina ana ɗora mini kaya bashi a kan kalmata kawai, ba takarda. Wannan sunan ka taɓa a gaban gari, alhali ƙofata a buɗe take, da ka zo da mun yi maganar a kan tabarma.

Abin da ya sa nake wannan kira, rashin canji ne. Mata ta zo da jika biyar za ta sayi sabulu na dala hamsin, yarona ya yi ta zagaya rumfuna da takardar a hannu, ta gaji da tsayuwa ta wuce. Wata kuma a cika mata da alewar da ba ta nema ba. Ɗan kabu-kabu ya sauke fasinja, a tsaya ana cacar baki kan dala ashirin. Kai kuwa, Alhaji, kowa ya san wajenka ake zuwa neman ƙananan kuɗi, kuma ba kyauta kake bayarwa ba. Ya kamata masu saurare su ji wannan kafin su auna maganarka.

Ka tuna 2023. Farkon shekarar canjin naira ya sa takarda ta yi wuya a Najeriya, maƙwabtanmu na Jibiya suka koma tura kuɗi ta waya dole. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sauka kanmu, muka ga layi a ƙofar bankuna, mutum da kuɗinsa ba ya iya cira yadda yake so. Ga kuma haɗarin hanya. Mai tafiya Yamai ta Konni da Dosso, ko mai cin kasuwannin Madarumfa da Gidan Rumji, ya san fargabar ɗaure kuɗi a ƙugu.

Batun talaka ba ya buƙatar dogon bayani. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba tana karɓar aiken ɗanta daga Agadas ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, kuma ba ta ɓata lissafi. A Kenya ma da ƙananan wayoyi aka fara M-Pesa, tsarinsu na tura kuɗi ta waya, a 2007.

Ban taɓa cewa mun kai Landan ba, inda motocin bas suka daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014, fasinja ya kara kati ko waya ya shige. Mu nan har yanzu lambobi muke dannawa, ko a ɗauki hoton alamar QR. Rezo ya ɗauke ana tsakiyar ciniki, mai saye ya ce ya tura, mai sayarwa bai ga saƙo ba. Kuran ya tafi, waya ta mutu. Kuɗin cirewa ya yi wa mai tallan ƙosai nauyi, ƴan damfara kuma na kiran tsofaffi suna neman lambar sirri. Waɗannan ne tambayoyin da ya kamata a yi wa kamfanoni da masu sa musu ido, da babbar murya, kuma ƙungiyoyinmu na ƴan kasuwa sun yi shiru a kai ana ta rigimar shugabanci.

Wassalam,
Wani ɗan kasuwa, Maradi