Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekara: Abin da Muka Gano Kan Adana Takardu da Bayanai

Assalamu alaikum iyayenmu malamai, shugaba da sauran 'yan uwa mambobi maza da mata. Ga rahoton ayyukanmu na bana, na turo shi tun kafin ranar babban taro ne don kowa ya samu ya karanta a tsanake, mai gyara ya riƙe ya zo da shi. Lissafin kuɗi ba ya ciki, ma'aji zai karanta nasa daban.

In ba ku manta ba a taron bara mun tsaya kan magana ɗaya, cewa bana fita za mu yi mu gani da idonmu yadda ake ajiye takardu a ofisoshi da makarantu da gidajen malamai, mu rubuta abin da muka gani. Alhamdu lillahi an yi. Kwamiti biyu aka kafa, ɗaya na tsofaffin littattafan rubutun hannu, ɗaya na fayil-fayil ɗin ofis da bayanan kwamfuta. Da muka fara duk hankalinmu na kan na farkon don a zatonmu can ne ɓarnar ta fi yawa, amma kafin damina ta ƙare sai ga shi na biyun ne ya fi tayar mana da hankali.

Bari in fara da na littattafan. Akwai wani gidan malamai da muka je, sai da muka yi zuwa uku kafin dattijon gidan ya yarda, kuma ban ga laifinsa ba don ya ce an taɓa aron wani littafin kakansa har yau shiru. Muka ce Allah gafarta Malam ko warƙa ɗaya ba za ta bar zauren nan ba, a gabanka za mu yi komai. Ya sa aka fito da adaka, ciki gafaka ce kan gafaka, ana buɗewa ƙurar gara ta tashi. Wasu littattafan lafiya lau tawadar kamar jiya aka rubuta, in ka ɗaga warƙar ka haska a rana za ka ga tambarin jinjirin wata guda uku, irin takardar nan ta Italiya da fatake ke kawowa. Wasu kuwa gara ta ci gefensu har ta cinye kalmar nan ta ƙasan shafi da ke nuna maka warƙar da ke biye, kuma kun san littattafanmu ba ɗinke su ake yi ba, in wannan kalmar ta tafi jera su sai malamin da ya haddace littafin. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne wani jikan gidan da kyakkyawar niyya ya bi yagaggun wurare ya manna salatif, gam ɗin ya ratsa takardar ya ɗago tawadar. A wani gidan ma lamineshan aka yi wa wata tsohuwar wasiƙa. Don Allah duk inda kuka je ku riƙa faɗa, salatif da lamineshan illa suke yi wa tsohuwar takarda, in ta yage a bar ta a haka a sa ta cikin farar takarda mai tsabta a kira mu.

Mun ɗauki hoton abin da masu shi suka amince, mun rubuta sunan littafi da na mawallafi da na wanda ya kwafa in ya sa sunansa, kowane gida kuma mun bar masa kwafinsa.

Yanzu ga inda nake so a ba ni hankali. A ofisoshin da muka shiga, ba zan kama sunan kowa ba don sun karɓe mu da mutunci, ɗakin fayil shi ne ɗakin da ya fi ko'ina duhu da yoyo, fayil-fayil a buhuna wasu a ɗaure da igiya a ƙasa, ma'aikacin wurin sau da yawa mutum ɗaya ne da ya riƙe komai a ka, ranar da ya yi ritaya shi ke nan ilimin ya bi shi gida. A gabana wani tsohon hedimasta ya zo neman fayil ɗinsa don maganar fansho, riƙe da leda cike da fotokwafi da suka koɗe, ana ce masa Baba a yi haƙuri a dawo mako mai zuwa, ya ce wannan zuwansa ba ya ƙirguwa. Ba wanda ya sace fayil ɗin nan, ina da yaƙinin yana cikin ɗakin, babu rajistar da za ta ce ga inda yake ne kawai. Takardar da ba a san inda take ba da wadda ta ƙone duk ɗaya ne a wurin mai nema.

To sai mu tambaya ai an ce an shigar da komai kwamfuta, a ce e an shigar, ina take, sai a ce laftof ɗin wani jami'i ne kuma an yi masa canjin wurin aiki ya tafi da abinsa. Wani wurin filash ne ya kamu da bairos. Sanarwar hukuma yanzu hotonta ake ɗauka a tura a WhatsApp, ba kwafi a fayil, in an sace wayar ko memori ya cika an goge to ta tafi. Wallahi mun ga rubutun da ya haura shekara 100 ana karanta shi tsaf, mun kuma nemi takardar da aka buga shekara 5 da suka wuce ta gagara samuwa. Mu ma abin ya taɓa mu, bayanan tarukanmu na farko-farko a wayar da ta lalace suke, shi ya sa bana muka buɗe littafin taro na hannu muka kuma ajiye kwafi wuri biyu. Kuma kar wani ya ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai, babban ɗakin karatu na Birtaniya da ke Landan an yi masa kutse ta intanet a watan Oktoba 2023, aka yi watanni ayyukansa ba su dawo daidai ba. Ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 kuma ta nuna mana abin da ruwa ke iya yi wa takardun gari guda cikin dare ɗaya.

Doka ma tana nan. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa mai nema, kuma ta wajabta mata ta tsara takardunta yadda za a same su, to ina za a amsa cikin kwana 7 daga cikin buhu? Ga kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda yawancin ma'aikatan da muka zanta da su ba su taɓa jin ta ba, alhali mun tsinci takardar da ke ɗauke da sunaye da lambobin wayar mutane a hannun mai ƙosai.

Mun kai matasanmu ziyara Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ya zama cibiyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello. Aikin adana takardun ƙasa a Nijeriya Kenneth Dike ne ya assasa shi a 1954, kuma abin da na so yaran su gani shi ne yadda fayil ɗin lardin Kano ko na Sakkwato na zamanin Turawa ke da lamba da kundin da za ka duba ka nemo shi. Tsari ne kawai, ba wata na'ura. Ranar 9 ga Yuni, ranar adana takardun tarihi ta duniya, mun yi bita ta yini ɗaya ga ma'aikatan ɗakin fayil kan ba wa fayil lamba da sa wa fayil ɗin kwamfuta suna da kwanan wata, matan da suka zo sun fi kowa tambaya.

Abin da bai yiwu ba shi ne zuwa Yamai ganin littattafan Larabci da ajami na cibiyar binciken jami'ar can, kuɗi ne bai kai ba, haka ma na'urar sikanin, har yanzu da wayoyi da kyamarar aro muke aiki. Kuɗin wata-wata ma da yawanmu an bari ya taru, a taimaka.

Shawarar kwamiti ga shekara mai zuwa ita ce mu ɗauki ofis ɗaya tak mu zauna da ma'aikatansa har sai kowane fayil ya samu lamba da gurbi a rajista, sannan mu koma gidan Malam kafin saukar ruwa don adakar tana jingine da bangon da ke tsatsa. Muna neman mutum biyu masu karanta ajami sosai da wanda zai iya ba mu aron kanta ta ƙarfe, wanda ke da hali ya sanar da ni kafin ranar taro.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya