Rahoton Ayyukan Shekara: Bazararmu a Bakin Tafkin Ontariyo

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, dattawanmu maza da mata, da sauran 'yan uwa mambobi.

Kamar yadda aka saba duk ƙarshen shekara, kwamitin gudanarwa ya ɗora mini nauyin rubuto muku abin da aka yi da amanar da kuka damƙa mana. Kusan duk ayyukanmu na bana cikin wata uku suka taru, daga Yuni zuwa Litinin ɗin farko ta Satumba, don kowa ya san halin Toronto: bazararta gajeriya ce, kafin ka ankara ganye ya fara ja, an koma lalubo rigunan sanyi. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanto shi dalla-dalla a babban taro. Nawa shi ne in faɗi inda muka je, da abin da ya yi kyau, da inda muka yi sake.

Fitarmu ta farko tsibiran Toronto da ke cikin tafkin muka nufa. Da hantsi aka haɗu a tashar jirgin fito ta Jack Layton da ke ƙarshen titin Bay, kuma da yake bara mun sha dogon layi a rana, bana kowane gida ya sayi tikitinsa ta intanet tun da dare. Tsallakawar ba ta wuce minti 15 ba, amma ga yaran nan kamar tafiya wata ƙasa ce: sun rirriƙe ƙarfen jirgi suna kallon dogayen benaye suna ƙanƙancewa a bayansu. Wani dattijonmu ya ba su labarin cewa da can tsibiran a haɗe suke da gari, sai a 1858 wata guguwa ta yanke su. Daga nan masu ƙarfin ƙafa suka taka har hasumiyar fitila ta Gibraltar Point, wadda aka gina tun 1808. Mota ba ta yawo a tsibiran, shi ya sa iyaye suke sakin jiki. Ga sababbin zuwa da za su je da iyali su kaɗai, a lura cewa jiragen hanya uku suke bi, Centre da Ward's da Hanlan's Point, kuma a gaɓar Hanlan's akwai sashen da doka ta yarda a yi wanka ba tufafi. Mu Centre muke sauka.

Abin da ya juya mana akalar shekarar nan gaba ɗaya a ranar ya faru, bayan la'asar. Wani yaronmu ɗan kimanin shekara bakwai ya bi ƙwallo cikin ruwa. Ruwan iya ƙugunsa yake, ya ƙara taku biyu sai ƙasa ta zame masa. Ina tsaye ba nisa, kuma wallahi ban gane abin da nake kallo ba. Bai yi ihu ba, bai ɗaga hannu ba. Kansa ne kawai ya karkata baya, baki yana nutsewa yana fitowa, hannuwa suna danna ruwa kamar mai neman hawa tsani. Mahaifiyarsa tana 'yan taku kaɗan daga wurin, tana naɗe tawul. Mai aikin ceto da ke kan kujerar gadi ita ta gane, ta faɗa ruwan ta ciro shi. Ya yi tari, ya yi kuka, ya dawo hayyacinsa a jikin uwarsa, alhamdu lillahi. Abin da ya taimake mu, bayan kiyayewar Allah, shi ne mun zauna tsakanin tutocin nan masu ja da rawaya, wato iyakar wurin da masu ceto suke sa ido. Da mun matsa can gefe neman inda babu cunkoso, kamar yadda wasu suka so da safe, da ba wannan rahoton nake rubutawa ba.

A jirgin komawa shugaba ya yi tambaya ɗaya: a cikinmu manya, wa zai iya shiga ruwan da ya fi tsayinsa ya fito da kansa? Hannuwan da suka tashi ba su da yawa. Mun yi shekara da shekaru muna kai 'ya'yanmu bakin tafkin da zurfinsa ya kai mita 244, alhali akasarinmu ba mu iya ninkaya ba. A zaman kwamiti na makon aka yanke shawarar a rage kuɗin shagali a mayar da shi ga koyon iyo.

Ma'aunin da muka bi shi ne na ƙungiyar ceto a ruwa ta Lifesaving Society, wanda ake koya wa 'yan aji uku a makarantun Ontariyo da dama. Abu uku ne a jere: mutum ya wuntsila cikin ruwa mai zurfi kamar wanda ya faɗa ba shiri, ya tsaya a saman ruwa na minti 1, sannan ya yi iyo na mita 50. A baki kamar wasa. Amma duk wanda ya gwada ya san tsawon minti ɗayan nan idan ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Yara ba su ba mu wahala ba, cikin 'yan makonni sun zama kamar kifi. Manya ne aka sha fama da su, kuma kunya ce ta fi tsoro yawa. Magidanci yana ganin girmansa zai zube idan ɗansa ya gan shi yana koyon shura ƙafa riƙe da bakin wurin ninkaya. Sai da shugaba da kansa ya fara shiga, sannan sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya.

Iyayenmu mata su suka fi burge ni. Wasu wuraren ninkaya na hukumar birni suna da lokacin da aka keɓe wa mata zalla, kwamitin mata kuwa ya bi diddigi ya samo jadawalin, ya tsara wa zai riƙe yaran wa. Akwai wata Hajiyarmu mai jikoki da ta yi mako biyu ba ta yarda ta sa fuskarta a ruwa ba. Ranar da ta kwanta rigingine ruwa ya ɗauke ta ba mai tallafe da ita, shugabar mata ta ce kowa a wurin sai da ya yi ƙwalla. Gemu ba ya hana ilimi, furfura ma haka. Ba duka ne suka cika mita 50 ba, kuma ba za mu ɓoye wannan ba. Wasu sun yi rajista ba su zo ko sau ɗaya ba, kuɗin gurbinsu ya tafi a banza.

Ina roƙon 'yan uwa kada wanda ya iya iyo a wurin ninkaya ya ɗauka ya gama da tafki. Ruwan Ontariyo yana da wani hali: idan iska ta yi kwanaki tana kaɗawa daga gaɓa zuwa tsakiya, sai ta kore ruwan sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. Wurin da aka yi wanka jiya cikin jin daɗi, yau sai a tarar da shi kusan digiri 10 a ma'aunin Celsius a tsakiyar Yuli. Irin wannan sanyin yana ɗauke numfashi nan take, gaɓoɓi su sandare, ko gwani ne. Ga kuma batun tsabta. Hukumar birni tana ɗibar ruwan gaɓoɓin da ake gadi kullum a lokacin bazara don auna ƙwayar E. coli, wadda yawanta ke nuna ƙazanta ta gurɓata ruwan, tana kuma shawartar kada a shiga ruwa sai an yi awa 48 bayan ruwan sama mai yawa, saboda dattin da yake wankowa daga tituna da magudanai. Kan wannan ne muka soke fita guda a watan Yuli, ranar da gari ya waye garau bayan ruwan dare. Na san wasu ransu ya ɓaci, an riga an yi shiri, yara sun sa rai. Kwamiti ya ji ƙorafin, yana kuma nan kan bakansa. Haka muke duba ma'aunin kyawun iska kafin kowace fita tun bayan hayaƙin gobarar dajin da ya lulluɓe birnin a Yunin 2023, saboda masu asma da tsofaffi.

Ladan koyon iyon shi ne fitar kwalekwale a kogin Humber cikin Agusta. Ruwan can ƙasa kusa da bakin tafki a kwance yake, ya dace da sabon shiga. Dokar Kanada ta wajabta a tanadi rigar ceto ga kowane mutum da ke cikin jirgi, komai ƙanƙantarsa, mu kuma muka ƙara namu sharaɗin: a jiki za ta kasance, a ɗaure, tun kafin a taɓa filafili. Yaron nan na tsibiri yana cikin kwalekwalen gaba, shi da mahaifinsa.

Sauran fitar an yi su lafiya. Matasa sun hau keke a wani yanki na hanyar Martin Goodman, wadda take bin gaɓa tsawon kilomita 56, kuma yanzu sun mayar da abin na duk Asabar ba sai kwamiti ya kira ba. Wata safiya aka kai ƙananan yara kallon tsuntsaye a gandun Tommy Thompson, wani zirin ƙasa mai kimanin kilomita 5 da aka cike da ɓaraguzan gine-gine har ya zama daji, inda aka ƙirga tsuntsaye sama da iri 300. Daren 1 ga Yuli mun kalli wasan wuta na ranar Kanada a Ashbridges Bay. A farkon Agusta waɗanda suke so sun leƙa faretin bikin Karebiyan a titin Lake Shore, bikin da ake yi tun 1967, sai dai cunkoso da ƙarar kiɗa sun yi wa masu goyo yawa, badi ba za mu sa shi a jadawalin iyali ba. Masu fatsa sun ci moriyar makon da lardin Ontariyo yake yafe lasisin kamun kifi a farkon Yuli. Ban da 'yan ranakun da ake yafewa a shekara, duk ɗan shekara 18 zuwa 64 sai da lasisi. Muka rufe da babban baje kolin shekara-shekara na Toronto, wato CNE, wanda ya samo asali tun 1879, a ƙarshen makon da jiragen sama suke wasa a saman tafki.

Wuri biyu muka yi tuntuɓe. Tafiyar Nayagara, inda shahararren ruwan nan yake zubowa daga kan dutse, kimanin kilomita 130 ce kawai, amma motar da muka yi haya ta makara ƙwarai, muka bar dattawa tsaye a rana ba kujera ba inuwa. Laifinmu a nan shi ne da baki muka yi ciniki, ba a rubuce ba, kuma muna ba iyayenmu haƙuri. Na biyu a Scarborough Bluffs ne, tudun bakin tafki a gabashin birni, inda gangaren ya kai mita 90 a wasu wurare. Wasu samarinmu sun tsallake shinge don ɗaukar hoto a bakin gangaren, alhali ƙasar wurin yashi ce da yumɓu, zaftarewa take yi ba sanarwa. An yi magana da su da iyayensu, sun kuma karɓi faɗa.

Akwai abin da yake damuna, zan faɗe shi a fili. Mutanen da suke zuwa da wuri su kama wuri, su ne dai suke ƙirga yara a shiga da fita, su ne kuma suke tsintar shara bayan kowa ya watse. Sun gaji, ko da ba su faɗa ba. Daga badi kowane gida zai ɗauki fita ɗaya, kuma duk lokacin da yara suke ruwa za a sa babba guda wanda ba shi da wani aiki sai kallonsu, ba waya a hannunsa, a canje shi bayan ɗan lokaci. Ƙananan yara kuwa sai da babba a cikin ruwan, inda hannunsa zai kai gare su.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka darasin iyo ba zai jira Yuni ba. Za mu ci gaba da shi cikin hunturu a wuraren ninkaya na cikin gini, kuma guraben hukumar birni suna cika da wuri da zarar an buɗe rajista. Wanda bai cika mita 50 ba, da wanda bai fara ba sam, ya ba shugabar mata ko ni sunansa a babban taro. Masu riƙe da rigunan ceto na ƙungiya su zo da su ranar, a shanye, don a duba maɗauransu kafin a adana.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya